Mai ciwon baya za ta shiga ajin yoga karon farko: abin da za ta tarar

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar ofis ce a Abuja, shekaruna sun haura arba'in, 'ya'yana huɗu. Na daɗe ina fama da ciwon ƙasan baya. An yi hoto ba a ga abin tsoro ba, likita ya ce in riƙa motsa jiki. Akwai gidan motsa jiki kusa da mu da ke da ajin yoga, ina son gwadawa, amma jikina a sandare yake, ko yatsun ƙafata ba na iya taɓawa. Me zan tarar ranar farko, me zan sa, kuma da gaske ne akwai bautar Hindu a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ƙara sauƙi. Aikina gashin ƙashi ne, abin da ake kira fisiyo a asibiti, kuma masu ciwon baya su suka fi cika layina. Cikinsu akwai waɗanda nake turawa ajin yoga, akwai waɗanda nake hanawa. Ke tunda likita ya duba ki har ya ce ki motsa jiki, kina cikin na farkon. Sai dai da sharaɗi. Idan ciwon ya fara sauka cikin ƙafa har tana mutuwa ko tana rasa ƙarfi, ko kika ji tsakanin cinyoyinki ya mutu, ko fitsari ya ƙi fita, ko bayan gida ya fara zuwa ba ki sani ba, ko ciwon ya haɗu da zazzaɓi da rama, to asibiti za ki koma a ranar, yoga ta jira.

Maganar sandarewar jiki kuwa, ki cire ta daga ranki. Rashin iya taɓa yatsun ƙafa yawanci daga tsokar bayan cinya ne da ta ɗaure saboda yawan zaman kujera, kuma mai irin wannan jikin na cikin waɗanda suka fi ganin amfani. Ni wadda jikinta ke lanƙwashewa ta ko'ina tun ranar farko ta fi sa ni fargaba, domin gaɓoɓinta kan wuce iyakarsu ba tare da ta ji komai ba, sai daga baya ciwo ya fito. Jiki mai tauri yana gaya wa mai shi inda zai tsaya. Abin da za ki je koyo ranar farko ke nan: jin wannan gargaɗin, da sanin cewa a kan tabarmarki ke ce mai hukunci, ko me malamar ta ce, ko me ta kusa da ke take yi.

Kafin ki biya kuɗi, ki tambayi wane irin aji ne, domin sunan yoga ɗaya ne amma azuzuwan sun sha bamban ƙwarai. Yawancin abin da ake koyarwa a gidajen motsa jiki yau ya biyo ta hannun wani malami ɗan Indiya, Krishnamacharya, wanda ya koyar a fadar sarkin Mysore tun daga shekarun 1930. Ɗaya daga cikin ɗalibansa, Pattabhi Jois, ya yaɗa salon da ake kira Ashtanga, mai sauri da wahala, inda ake fita daga wannan tsayuwa a faɗa waccan ba hutu. Azuzuwan da za ki ga an rubuta musu Vinyasa ko Power daga wannan reshen suka fito, kuma ba su ne wurin farawa ba ga mai ciwon baya. Wani ɗalibin nasa, B.K.S. Iyengar, wanda ya rasu a 2014, ya taso yaro ne mai yawan laulayi, kuma salonsa ya shahara da tsayawa a gyara kowace tsayuwa a hankali, da amfani da bulo (ɗan ƙarami na soso ko katako) da bel da bargo da kujera don jikin da bai kai ba ya samu abin dogara. Idan kin samu ajin Iyengar na masu farawa, kin dace. Idan ba ki samu ba, ki nemi wanda aka rubuta wa Hatha, ko wanda aka ce na sababbin shiga ne, domin a irinsu ana tafiya sannu, ana tsayawa a yi bayani. Akwai kuma wanda ake yi cikin ɗakin da aka ɗumama da gangan har zafinsa ya kai kusan digiri 40, minti 90 cur. Wannan ki bar shi. Yana sa zufa mai yawa da jiri, yana sa mutum ya ja jijiya fiye da kima don zafi ya ɓoye masa gargaɗi, kuma ga mai sikila, ko mai hawan jini, ko mai juna biyu, haɗari ne na gaske.

Ki san wani abu game da masu koyarwa ma. Takardar da akasarinsu ke riƙe da ita ta horon awa 200 ce, wadda ana iya gama ta cikin wata guda. Cikinsu akwai ƙwararru masu lura da tausayi, na ga aikinsu a jikin marasa lafiyata. Amma awa 200 ba ta mayar da mutum ma'aikacin lafiya. Saboda haka ki yi wa malamar tambaya kai tsaye: ta taɓa koyar da masu ciwon baya? Mutum nawa ke cikin ajin? Wadda ta saurare ki ta kuma tambaye ki wane motsi ne ke tayar miki da ciwon, sunkuyawa ko tsayuwa ko zama, wannan ta san abin da take yi. Wadda ta ce miki yoga na maganin komai, ki zo kawai, ki nemi wata.

Sai batun addini, wanda na san shi ya fi tsaya miki a rai, kuma tambayar tana kan hanya. Asalin yoga daga Indiya ne, kuma cikin tunanin addinan can ta girma, musamman Hindu. Tsohon rubutun da ake jingina wa wani malamin Indiya na da mai suna Patanjali, wanda ya haura shekara 1,500, ya kasa ta mataki takwas, zaman jiki ɗaya ne kawai daga ciki, kuma manufar duka ta ruhi ce. Wannan gaskiya ce, ba na son kowa ya ɓoye miki ita. Gaskiya ce kuma cewa yawancin tsayuwar da za ki gani a gidan motsa jiki an tsara su ne a ƙarni na 20, kuma masana tarihi sun nuna yadda atisayen 'yan kokawar Indiya da na Turawa suka shiga ciki. Saboda haka aji ya bambanta da aji. Wani daga farko har ƙarshe miƙa jiki ne da numfashi, babu ko kalma ɗaya ta ibada. Wani kuma za ki tarar ana buɗewa da rera kalmar “om”, wadda mai tsarki ce a wurin mabiya Hindu, ko ana kunna waƙoƙin addu'o'insu, ko an ajiye gunki a kusurwa ana ƙona turare gabansa, a ƙarshe a haɗa tafuka a ƙirji a sunkuya a ce “namaste”. Akwai kuma jerin motsi goma sha biyu da ake kira Surya Namaskar, wato gaisuwar rana, wanda ake yi a azuzuwa da yawa don ɗumama jiki.

Musulmin wasu ƙasashe sun riga mu fuskantar wannan tambayar. A watan Nuwamban 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda abubuwan ibadar Hindu da ke cikinta, daga baya firaministan lokacin, Abdullah Badawi, ya ce ana iya yi muddin babu rera addu'o'in. A Janairun 2009 majalisar malaman Indonesiya ta haramta wadda ke ɗauke da ibadar, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. A Indiya kanta, lokacin da za a yi bikin Ranar Yoga ta Duniya karon farko a 21 ga Yunin 2015, ƙungiyoyin Musulmi sun yi ƙorafi kan gaisuwar rana, kuma ba a sa ta cikin jerin motsin bikin ba. Saudiyya kuwa a 2017 ta amince da yoga cikin jerin wasannin motsa jiki da ake ba lasisin koyarwa. Kin ga inda akasarin maganar ta tsaya: me ake faɗa, me ake nufi, wa ake sunkuya wa. Ni Musulma ce, kuma ga yadda nake yi. Ba na rera komai, ba na sunkuya wa kowa, ba na zama ajin da aka kafa gunki, kuma ina tura mutane wurin masu koyar da ita a matsayin motsa jiki. Hukunci kuwa na malamai ne. Shawarata ita ce ki fara zuwa ki kalli aji ɗaya daga gefe, ko ki tambayi malamar dalla-dalla abin da ake yi daga buɗewa zuwa rufewa, sannan ki kai wa malamin da kika yarda da shi bayanin abin da kika gani da idonki. Zai fi iya ba ki amsar da ta dace da ajin da ke gabanki. Idan zuciyarki ba ta kwanta ba, kada ki tilasta mata. Motsin da ke taimakon baya ana samun irinsa a sashen fisiyo da ajin Pilates, wani salon motsa jiki na ƙarfafa tsokar ciki da baya, ba tare da wannan damuwar ba. Tunda a Abuja kike, ofishin jakadancin Indiya kan shirya taron ranar 21 ga Yuni, wata dama ce ta ganin yadda abin yake.

Cikin tambayoyin da za ki yi har da waɗannan: ajin na mata ne zalla, mace ce ke koyarwa, bangon ɗakin gilashi ne da masu wucewa ke hangowa, kuma ana ɗaukar bidiyo? Wannan na ƙarshen ki riƙe shi da kyau. Gidajen motsa jiki da yawa na ɗaukar aji su sa a Instagram don talla, kuma kina da cikakken haƙƙin cewa ba ki yarda ba tun kafin a fara.

Tufafi ba sai kin sayi matsattsun kayan da kike gani a hotuna ba. Wando mai yalwa wanda ke da roba a ƙafa, don kada ya zame idan kin ɗaga ƙafa, da riga mai dogon hannu wadda za ki iya cusa gabanta cikin wandon, sun wadatar. Zani da doguwar riga da babban hijabi suna harɗe ƙafa da hannu, suna kuma rufe fuska idan an sunkuya. Ƙaramin hijabi mai kama kai wanda ba ya buƙatar fil ya fi. Ki cire awarwaro da dogayen 'yan kunne. Takalmi a bakin ƙofa ake barinsa, safa ma a cire ta don tana santsi. Tabarmar yoga ta roba ce mai kama ƙasa, tsawonta wajen santimita 173, faɗinta wajen 61, kuma mai kaurin milimita 5 ko 6 ta fi yi wa gwiwa daɗi. Darduma ko bargo a kan tayil zamewa suke yi, kada ki dogara da su. Yawancin wurare suna ba da aron tabarma, sai ki tafi da tawul ki shimfiɗa inda fuskarki za ta taɓa. Abinci mai nauyi ki ba shi awa biyu zuwa uku kafin aji. Idan yunwa ta matsa, ayaba ɗaya ko dabino kaɗan awa guda kafin lokacin ya isa. Ki sha ruwa tun da wuri, ki kuma zaga bayi kafin a fara.

Ki isa da kamar minti goma sha biyar a hannu, don ki samu ganin malamar ita kaɗai. Ki gaya mata yau ne farkonki, ki faɗa mata ciwon bayan, da duk wani abin da ke akwai: hawan jini, ciwon suga, sikila, tiyatar haihuwa ko wata tiyata ta kusa, juna biyu, ciwon gwiwa, ko hawan jinin ido, wato gilakoma. Wannan na ido mutane ba sa kawo shi a rai, alhali duk tsayuwar da ke sa kai ya koma ƙasa da ƙirji tana ƙara matsin cikin ido. Sababbi kan gudu can ƙurya ta baya don kunya. Gara ki shimfiɗa a gefe, wajen tsakiya, kusa da bango, inda za ki ga malamar ita ma ta gan ki. Ki ɗauki bulo biyu da bel da bargo ki ajiye kusa, ko da ba ki ga kowa ya ɗauka ba.

Aji yawanci awa guda ne, wani ya kai minti 75 ko 90. Ana farawa a zaune ko a kwance, a yi 'yan mintuna ana shaƙar numfashi ta hanci ana fitarwa a hankali. Idan kin tanƙwashe ƙafa kika ga gwiwoyinki sun ɗaga sama da ƙugunki, bayanki kuma ya ranƙwafa, ki naɗe bargo ki zauna a kansa, nan take za ki ji bayan ya miƙe. Mu da muka saba zaman tabarma da zaman tahiya muna da ɗan sauƙi a nan fiye da wanda ya tashi kan kujera tun yarinta, ko da yake shekarun ofis kan ci wani abu daga wannan sauƙin.

Daga nan sai a koma rarrafe, tafuka da gwiwoyi a ƙasa, a riƙa ɗaga tsakiyar baya sama ana sauke shi tare da numfashi. Wannan motsin masu ciwon baya suna jin daɗinsa, kuma ina koyar da shi a asibiti. Za a nuna miki zaman hutu, inda za ki zauna kan dugaduganki ki kwantar da ƙirji kan cinya, goshi a ƙasa ko kan bulo. Ki riƙe shi, domin duk lokacin da kika gaji a tsakiyar aji kina iya komawa gare shi ba tare da neman izini ba. Sai wadda kusan kowane aji ke yi, wadda suke kira tsayuwar kare mai kallon ƙasa: tafuka da ƙafafu a ƙasa, ƙugu a sama. Za ki ji malamar na cewa wurin hutawa ne, ke kuma hannuwanki na rawa. Haka kowa ke ji da farko. Ki lanƙwasa gwiwoyinki sosai, ki bar dugadugai su ɗaga, ki baza yatsun hannu ki danna su ƙasa don nauyin ya ragu a wuyan hannu. Idan wuyan hannun ya dame ki, ki tashi ki dafa bango ki yi ta a tsaye, amfanin bayan yana nan.

Tsakiyar ajin tsayuwa ce iri-iri: a ware ƙafafu, a lanƙwasa gwiwar gaba, a miƙa hannuwa, a tsaya numfashi biyar ko fiye. Cinyoyi za su yi rawa, zufa za ta fito, wannan aikin tsoka ne kuma shi ake nema, domin ƙarfin cinya da ɗuwawu da ciki shi ke rage wa ƙasan baya wahala. Abin lura ɗaya ne, gwiwar gaba ta kalli inda yatsun ƙafa suka kalla, kada ta faɗa ciki. Za a yi tsayuwa da ƙafa ɗaya, za ki yi tangaɗi, shi ya sa na ce ki kasance kusa da bango.

Inda nake so ki fi buɗe ido shi ne sunkuyawa gaba, a tsaye ko a zaune da ƙafafu a miƙe. A nan ne masu ciwon baya suka fi jin rauni, kuma dalilin a fili yake. Idan tsokar bayan cinya ta ɗaure, ƙugu ba ya juyawa gaba, sai mutum ya lanƙwasa ƙasan bayansa don hannunsa ya kai ƙafa, nauyin duka ya taru kan faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya. Ga kuma ta kusa da ke ta kifa goshi kan gwiwa, zuciya na ce miki ki ƙara kaɗan. Kada ki ƙara. Ki lanƙwasa gwiwa, ki sunkuya daga ƙugu da baya a miƙe, ki ɗora hannu kan cinya ko bulo, inda kika tsaya nan ne naki na yau. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma tsarin ƙashin ƙugu ma ba ɗaya ba ne tsakanin mutane, akwai wadda ko ta shekara goma tana yi ba za ta kai inda wata ta kai a wata guda ba, kuma lafiyarta ƙalau. Akwai abubuwan da zan ce ki ƙi su gaba ɗaya a watannin farko: tsayuwa a kan kai, tsayuwa a kan kafaɗu, jefa ƙafafu bayan kai daga kwance, da zaman da ake ɗora kowace ƙafa kan cinyar ɗayar. Ukun farko suna loda wa wuya nauyin da bai saba ba, na ƙarshen kuma yana murɗa gwiwa. Malamar kirki ba za ta sa sabuwar shiga yin su ba.

To yaya za ki bambance jan da ke da amfani da ciwon da ke gargaɗi? Jan mai amfani irin na miƙar da mutum ke yi ne idan ya tashi barci: yana bazuwa cikin tsakiyar tsoka, yana da ɗan daɗi ko da ya yi ƙarfi, yana raguwa idan kin yi numfashi kaɗan a wurin, kuma yana tafiya da zarar kin saki. Na gargaɗin kuwa suka ne ko fizga, a wuri ɗaya da za ki iya nunawa da yatsa, sau da yawa cikin gaɓa kanta, gwiwa ko kafaɗa ko tsakiyar ƙashin baya, ko kuma ya gudu cikin ƙafa da zafi da mutuwar yatsu. Wannan idan ya zo, a hankali za ki fita daga tsayuwar nan take. Ma'auni na biyu numfashinki ne, kuma na fi yarda da shi fiye da komai. Muddin kina iya shaƙa da fitarwa ta hanci a natse, kina cikin iyakarki. Da zarar kin ga kin riƙe numfashi, kin cije haƙora, kin ɗaure fuska, kin wuce, sai ki rage. Riƙe numfashi yayin yunƙuri yana ɗaga hawan jini na ɗan lokaci, don haka mai hawan jini da mai juna biyu su ƙi duk atisayen da aka ce a riƙe numfashi ko a riƙa fizgar shi da sauri daga ciki.

Wasu malamai kan zagaya suna gyara wa ɗalibai tsayuwa da hannu. Kina iya cewa tun farko a gyara miki da baki kawai. Ba rashin ladabi ba ne, kuma a ƙasashen waje, bayan da ɗalibai mata suka fito suka zargi wasu manyan malaman yoga da taɓa su ta hanyar da ba ta dace ba, wurare da yawa sun koma tambayar izini kafin a taɓa kowa. Ko da mace ce, kada ki bari a danna bayanki don ki ƙara sunkuyawa. Ita ba ta jin abin da kike ji.

Akwai ƙananan abubuwan da ke ba mutane kunya har su ƙi komawa, gara in faɗa miki su. Za ki rikita dama da hagu. Cikinki zai iya yin ƙugi. Iska kan kuɓuce wa mutum idan an matse ciki ko an murɗa shi, malamai sun saba, ba mai waiwayowa. Tafin ƙafa kan ɗaure, sai ki miƙe yatsun ki murza. Ga uwar 'ya'ya huɗu kuma, ɗigon fitsari kan zo lokacin yunƙuri. Wannan daban yake da alamun komawa asibiti da na ambata a sama. Raunin tsokar ƙasan mara ne da haihuwa ke bari, yana da yawa cikin mata, kuma yana gyaruwa da atisayen da muke koyarwa a fisiyo, don haka ki faɗa wa likita, kada ki haɗiye shi.

Ƙarshen aji ana kwanciya rigingine minti biyar zuwa goma, ido a rufe, ba motsi. Sunanta Savasana. Mai ciwon baya ta sa naɗaɗɗen bargo ƙarƙashin gwiwoyinta, ko ta kwanta ta gefe. Kada ki tashi ki tafi a wannan lokacin don kina ganin an gama, domin a nan bugun zuciya ke sauka, tsokar da ta yini a ɗaure ta saki, kuma ciwon baya na da alaƙa ta kusa da gajiya da damuwa da ƙarancin barci. Mata da yawa da ke zuwa wurina ba su da minti goma a yini da ba mai kiran sunansu. Wata barci ke ɗauke ta, wata hawaye ke zubo mata ba ta san dalili ba, duka ba abin damuwa ba ne. Idan za ki tashi, ki juya gefe, ki dafa ƙasa ki zauna, ki ɗan jira kafin ki miƙe, musamman idan kina shan maganin hawan jini, don tashi farat ɗaya na kawo jiri.

Washegari jiki zai yi tsami, a cinya da kafaɗu da gefen ciki. Tsamin kan fi ƙarfi tsakanin awa 24 zuwa 72, sannan ya wuce da kansa cikin 'yan kwanaki. Tafiya a ƙasa da wanka da ruwan ɗumi suna taimakawa, kwanciya yini guda tana ƙara shi. Ciwon bayanki na asali ma zai iya ɗan motsawa. Idan ya koma yadda yake cikin yini ɗaya, ki ci gaba. Idan ya kwana biyu yana ƙaruwa, ko ya fara sauka ƙafa, wani motsi ne bai karɓe ki ba, sai ki tsaya a duba.

Game da abin da za ki sa rai, ba na so in cika miki baki. A 2017 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta sa yoga cikin hanyoyin da take ba da shawarar a fara gwadawa kafin magani ga mai daɗaɗɗen ciwon ƙasan baya. A shekarar kuma an buga wani bincike da aka yi a Boston kan mutum 320, inda aji ɗaya a mako na tsawon mako 12 ya ba da sauƙin da bai gaza na gashin ƙashi ba. Ki lura, ajin da aka yi amfani da shi an tsara shi ne musamman don masu ciwon baya, mai laushi ne. Idan aka haɗa binciken da aka yi gaba ɗaya, sauƙin da ake samu matsakaici ne ko ƙasa da haka, kuma kusan daidai yake da na sauran motsa jiki. Yoga ba ta warkar da suga ko hawan jini, kada kowa ya sa ki ajiye maganinki. Ba ta kuma ɗauke miki tafiyar ƙafa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya na son baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsin da ke ɗaga bugun zuciya, aji mai laushi kuwa ba ya cika wannan.

Ki fara da aji ɗaya ko biyu a mako, ki roƙi malamar ta nuna miki motsi uku ko huɗu da za ki riƙa yi a gida minti goma kullum, don wannan na gidan shi ke riƙe abin da aka samu a aji. Lokacin azumi ki mayar da shi bayan buɗa baki da kamar awa biyu, ko ki rage shi zuwa na gidan kawai. Idan kin yi mako goma sha biyu kina zuwa ba ki ga wani canji ba a zamanki na ofis, ko tsayuwarki a kicin, ko barcinki, ki nemi likitan ya tura ki sashen fisiyo a duba ƙugu da ƙarfin tsokar cikinki, a tsara miki atisayen da ya dace da naki bayan.